Gwiwar Auta da allon Wii: abin da ya faru a wani gida a Aboabo

Hajiya ce ta fara lura, kuma a kan darduma ta lura, ba a filin ƙwallo ba. Jikanta, wanda kowa a gidan ke kira Auta, yana sallar isha'i a tsakar gida. Da ya zo sujada sai ya kai gwiwar hagu ƙasa, ta dama kuwa ya miƙar da ita gefe kamar ba tasa ba. A zaman tahiya ma ya karkace, ya ɗora nauyinsa duka a kan cinya ɗaya. Kwana biyu tana yi masa faɗa, a zatonta wasa yake yi da ibada. A rana ta uku ta sa shi ya naɗe wando, ta ga wani ƙullutu kamar ɓarin goro a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ta ɗan danna, yaro ya zabura har ya ture buta.

Aikina gashin ƙashi ne, wato fisiyo kamar yadda mutanenmu ke faɗa, a wani asibiti a nan Kumasi. A Aboabo aka haife ni, Hajiya kuma ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata, shi ya sa lamarin bai tsaya a ɗakin asibiti ba, ya biyo ni har unguwa. Iyayen yaron sun yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunan kowa. Na sha ba yara takardar motsa jiki su tafi da ita gida, na kuma sha ganin sun dawo yadda suka tafi. Wannan karon an samu bambanci, albarkacin allon takawa na wata na'urar wasan talabijin mai suna Wii, an kuma samu kuskure a tsakiya, kuma kuskuren nawa ne.

Auta yana da shekara 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. A shekara ɗaya ya yi irin zabgewar nan ta samari, jallabiyar Sallar bara ta koma tana tsaya masa a ƙwauri. Kwana biyar a mako yana atisaye da ƙungiyar yara, wadda a nan ake kira kolts. Ga ƙwallon lokacin tara a makaranta, ga ta ƙananan raga ranar Asabar da Lahadi a kan busasshiyar jar ƙasa mai tauri kamar siminti. Duk yaron Zango da ya ga Mohammed Kudus ya fito daga Nima ya kai inda ya kai, ko ya ji tarihin yaran da ƙungiyar ƙwallo ta King Faisal ta fitar daga cikin unguwannin nan, ba ka da bakin ce masa ƙwallo wasa ce kawai. Wata huɗu yana ɓoye ciwon. Idan an tashi daga fili sai ya bari abokai su yi gaba, shi ya biyo baya yana ɗingishi, yana isa ƙofar gida ya gyara tafiya.

Kafin su zo wurina an yi na gida. An gasa da ruwan zafi, an murza man kaɗe. An kai shi wurin wani mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya ɗaure, yaro ya kwana yana kuka. Wani maƙwabci ya kawo shawarar a kira wanzami ya kafa ƙaho a zuƙe mataccen jini, Allah ya sa Hajiya ta ce a dakata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar kashe zafi da yake saya a kemis ya haɗiya kafin wasa. Da ƙwayar a jikinsa yakan buga minti sittin bai ji komai ba, washegari kuwa ko tsallake kwata ba ya iyawa.

Gwiwar yaro ba a yi mata garaje. Kafin a kira sunan ciwo sai an kore waɗanda suka fi shi haɗari. Na farko a garinmu sikila ce, don kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Ghana suna ɗauke da ita. A nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995, aikin da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta, kuma katin Auta ya nuna ba shi da ita. Na biyu kwatangwalo: akwai ciwon da kan ƙashin cinya ke zamewa a wurin girmansa, yaro ya riƙa kukan gwiwa alhali matsalar tana sama. Na kwantar da shi na juya ƙafar ciki da waje, ba zafi, ba ƙagewa. Ba zazzaɓi, ba rama, gaɓar ba ta tara ruwa ba, ciwon kuma ba ya tashinsa daga barci. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, da babu zancen motsa jiki sai an bincika ƙashin sosai. Likita ya duba shi, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi tunda ƙafa ɗaya ce, hoton bai nuna wani abin tsoro ba.

Zafin yana wuri ɗaya tak, inda za ka iya rufewa da ɗan yatsa: tudun nan da ke saman ƙashin ƙwauri. Idan na riƙe ƙafar na ce ya miƙe ta da ƙarfi, nan ne yake sara. Wannan shi ne ciwon da ake kira Osgood-Schlatter, da sunan likitoci biyu, Robert Osgood na Amurka da Carl Schlatter na Suwizalan, waɗanda kowannensu ya bayyana shi a 1903. Babbar tsokar gaban cinya tana sauka ta kan ƙoƙon gwiwa, jijiyarta ta je ta kama wannan tudu. A jikin babba tudun ƙashi ne ƙaƙƙarfa. A jikin yaro mai tasowa kuwa bai gama ƙosawa ba, da sauran guringuntsi. Kowane gudu, kowane tsalle, kowane shuri, jan wurin ake yi. Na ce wa Hajiya ta ɗauka an kafa ƙusa a bangon da simintinsa bai bushe ba, aka ɗaura igiyar shanya, kullum ana loda mata jiƙaƙƙun zannuwa. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ɗana, ai sai a rage shanya har bango ya bushe." Na ce haka ne, amma a gyara igiyar ma, don ranar da za a koma shanya tana zuwa.

An daɗe ana ce wa iyaye ciwon girma ne, zai wuce da kansa. Yawanci yakan lafa idan ƙashi ya gama ƙosawa, amma ba a cikin makonni ba, kuma ba ga kowa ba. Michael Rathleff da abokan aikinsa a Aalborg, ƙasar Denmak, sun bi sawun matasa masu ciwon gwiwa, suka tarar bayan shekara biyu fiye da rabinsu suna nan da ciwon. Su ne kuma suka wallafa wani tsari a 2020 da suka gwada a kan yara 51 masu irin ciwon Auta, 'yan shekara 10 zuwa 14: makonni huɗu na farko a ajiye wasanni a yi motsa jiki mai sauƙi, sannan a riƙa ƙara wa gwiwa nauyi mataki-mataki har mako na 12. Ma'aunin shi ne zafi. Idan an auna daga sifili zuwa goma, kada ya wuce 2 lokacin aikin, ko bayansa, ko washegari da safe. Wannan tsarin na ɗauko.

Sai dai yaron Aalborg da yaron Aboabo ba aiki ɗaya gwiwarsu ke yi ba, kuma wannan ne wurin da na fi daɗewa a kai. Na zauna da Auta da mahaifiyarsa muka lissafa yininsa. Sallolin farilla raka'a 17 ne, sujada 34, kowacce kuma daidai kan ƙullutun take sauka. Alwala a tsugune yake yi. Bayan gidansu na tsuguno ne. Da daddare yana makarantar allo, zaman tabarma, ƙafa a naɗe awa biyu. Da safe shi ke ɗauko ruwa a rawayan galan ɗin nan da ake kira galan Kufuor, ya hau matakala uku da shi. Ka hana yaro ƙwallo ka bar waɗannan yadda suke, rabin shanyar ka sauke. Muka samo 'yar kujerar tsakar gida don alwala. Malaminsu ya yarda ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. Ɗaukar ruwa ya koma kan wansa. Maganar salla kuwa na tura su wurin limamin unguwa, don ba hurumina ba ne. Liman ya karanto musu hadisin Imrana bin Husaini, wanda aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, ya ce yaro ya hau kujera ba laifi. Auta ya ƙi. Ya ce kujerun masallaci na tsofaffi ne, abokansa za su sa shi a gaba. A ƙarshe mahaifiyarsa ta yanko soson tsohuwar katifa, muka huda tsakiyarsa yadda ƙullutun zai faɗa cikin ramin bai taɓa ƙasa ba, ta ɗinke shi a cikin wata tsohuwar safa da ta yanke bakinta. Yana zura ta ƙarƙashin jallabiya babu wanda ya sani.

Motsa jikin farko iri biyu ne kacal. Ya zauna, ya tokare ƙafa da bango ko ƙafar gado, ya tura ba tare da gwiwar ta motsa ba, ya riƙe daƙiƙa 30, sau goma. Sai ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗaga ƙugu sama ya sauke. Na zana masa a takarda, na yi layin da zai riƙa sa alama kullum. Bayan mako biyu ya dawo, kowane gida da alamarsa, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, takardar ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na ce ya nuna mini na farkon. Ya tsaya yana kallon zanen.

Ban yi masa faɗa ba. Waɗancan masu binciken na Denmak sun taɓa maƙala wata 'yar na'ura a jikin robar motsa jiki don su ga abin da matasa ke yi a gida da gaske, suka tarar kashi 15 cikin 100 na abin da aka umarce su kawai suke yi, abin da suke rubutawa a littafi kuma ya ninka na gaskiyar fiye da sau biyu. Yaro mai shekara 13 da aka raba da ƙwallo, aka ce ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana tura bango, me zai gani a ciki? Ba ci, ba mai kallo, ba wanda zai ce ya iya. Na tambaye shi lokacin da ya fi jin abin a ransa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bayan la'asar, Yaya. Idan suka wuce ta ƙofarmu da takalma a wuya suna kirana."

A wannan makon ne na leƙa gidan na ga allon Wii ɗin. Kawunsu boga ne, wato mazaunin ƙasar waje, yana Jamus, shekarun baya ya aiko da kaya a kwantena, ciki har da tsohuwar Nintendo Wii da faifan wasannin motsa jiki na Wii Fit da farin allonta na takawa. Yaran sun ɗan yi wasa da ita suka watsar, don su FIFA suke so, wadda ake bugawa a zaune a shagon gem. Allon ya zama abin ɗora bokitin gari. Wii ta fito a 2006, Wii Fit kuma a Japan a ƙarshen 2007, ta isa Turai a 2008. Allon yana da ma'aunin nauyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, da su yake gane inda ka karkata. A 2010 wasu masu bincike a Ostareliya sun gwada shi da na'urar auna tsayuwa ta ɗakin bincike mai tsada, suka ga awonsa abin dogaro ne. Wani abokin aikina ya ce in nemi Kinect ta Xbox, mai kyamarar da ke ganin jiki duka, amma ita tana son fili kusan mita biyu tsakaninka da talabijin. Ɗakin su Auta akwai gado, da firiji, da akwatunan Hajiya jere har rufi. Allon kuwa wurin da ya kai rabin darduma ya ishe shi.

Muka wanke shi, muka sayo batura huɗu, muka nemi inda daɓen ɗakin ya fi daidaita. Na zaɓi wasa uku, duka waɗanda gwiwa ba ta lanƙwasa sosai a cikinsu. Akwai wanda ake jefo maka ƙwallaye kana karkata dama da hagu kana sa musu kai, kana kauce wa takalman da ake haɗowa da su. Akwai na faranti mai rami, da kake karkata jiki a hankali har ƙwallo ta gangara ta faɗa. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, inda wani jan ɗigo ke yawo a talabijin, aikinka ka tsayar da shi cikin da'ira. Na ce ya manta da abin da na'urar ke faɗa game da ƙiba ko rama, don wannan lissafin bai dace da yaro mai tasowa ba. Doka ɗaya na kafa: tura bango da ɗaga ƙugu su ne kuɗin shiga. Sai an biya ake kunna talabijin. Lokaci kuma bayan la'asar, daidai sa'ar da take ci masa rai.

Abin da ya biyo baya ya wuce abin da na zata. Cikin kwana uku yaran gidan haya duka sun taru a ɗakin. Abokansa biyu na kolts suka fara biyowa bayan atisaye. Tunda doka ta ce sai an biya kuɗin shiga, su da kansu suke tsaya masa a ka suna ƙirga daƙiƙa talatin da ƙarfi, don su ma layi suke jira. Wanda ake wucewa a bari a ƙofar gida ya zama wanda ake zuwa wurinsa. Na'urar tana ajiye mintunan da kowa ya yi a kowace rana, don haka ranar Juma'a idan na biya bayan masallaci ba na tambayarsa ko ya yi, buɗewa nake yi in gani. A mako na huɗu zafin da yake ji wajen hawa matakala ya sauko daga 6 zuwa 2.

Mako na biyar muka hau mataki na gaba: jingina da bango a ɗan tsuguna, tashi daga kujera a hankali, daga baya taku mai faɗi a sauke jiki. Na buɗe masa irin wannan takun a cikin Wii Fit. A nan na yi sakaci. Na faɗa masa abin da zai yi, ban faɗa masa abin da ba zai taɓa ba, ban kuma faɗa wa sauran yaran komai ba. A cikin faifan akwai wasan tsallen kan ƙanƙara: ka tsuguna sosai ka karkata gaba, kana isa bakin gangara ka miƙe da ƙarfi lokaci ɗaya. Duk faifan babu abin da ya kai shi jan wannan jijiyar. Ranar wata Asabar ɗan maƙwabta ya kafa tazarar da ta ɗora sunansa a saman jeri. Auta ya ce bai yarda ba. Daga azahar har magariba suna yi.

Da asubar Lahadi saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp daga yayarsa, wadda ke ajin ƙarshe na babbar sakandare. "Yaya, don Allah ka zo. Auta ya kasa taka ƙafar, Hajiya ta ce a fitar mata da abin nan daga gida." Na tarar da wurin ya kumbura ya yi ɗumi, zafi 7 ko a tsaye. Na fara tabbatar yana iya ɗaga ƙafar a miƙe, don a wasu lokuta ƙalilan tudun kan ɓalle gaba ɗaya a irin wannan fizga, wannan kuwa aikin tiyata ne. Ya ɗaga. Na yi hamdala. Muka naɗe ledar fiyawata mai ƙanƙara a tsumma muka ɗora minti goma sha biyar. Hajiya tana bakin ƙofa ba ta ce mini komai ba sai da na gama. "Ɗana, kai ka ce a rage shanya. Ga shi ka kawo mana wanki daga Jamus." Na ce ta yi gaskiya, laifin nawa ne, ta ba ni mako biyu.

Na daɗe ina juya wannan ranar a raina. Allon nauyin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa kaɗai yake ji. Bai san gwiwa ta karkata ciki ba. Bai san yaro ya karya ƙugu maimakon gwiwa don ya sami maki ba. Uwa uba, bai san zafi ba. An gina wasan ne don ka so ƙari: taurari, jerin gwanaye, sabon mataki da ke buɗewa idan ka daɗe. Wannan kwaɗayin ƙarin shi ne ya sa Auta ya yi makonni huɗu bai tsallake rana ba, shi ne kuma ya kwantar da shi ranar Asabar. Ga wanda ciwonsa rashin motsi ne, ƙari alheri ne. Ciwon Auta kuwa asalinsa yawan aiki ne, maganinsa awo. Na'ura ta iya kiran yaro ya zo, amma cewa "ya isa haka" sai mutum.

Saboda haka muka nemo mutum. Rimot ya koma hannun yayarsa, ita ke kunnawa, ita ke kashewa bayan minti 20 na Auta, sauran yara su ci gaba shi yana alƙalanci. Wasan tsalle ya haramta ga kowa muddin yana ɗakin. Ta sayi littafin rubutu na sidi kaɗan, kullum lamba uku take rubutawa: zafi kafin a fara, zafi bayan an gama, zafi da safe kafin ya tafi makaranta. Idan na safe ya wuce 2, ranar an koma matakin baya, ba gardama. Sau ɗaya a mako tana ɗaukarsa bidiyo ta gaba yana tsugunawa ta turo mini, in ga ko gwiwar tana bin saitin yatsun ƙafa ko tana faɗawa ciki. Gasar ma muka juya ta. Maimakon wa ya fi nisa, sai ta koma wa ya fi daɗewa da jan ɗigon nan a tsakiyar da'ira da ƙafa ɗaya. A wannan Auta ya gagari kowa, da ƙafar mai ciwon ma. Kwana goma muka yi a matakin farko kafin zafin ya sauko mu sake hawa.

Sai dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ta shigo. Akwai makon da aka yi yamma uku a jere ba wuta, baturan allon ma suka mutu aka rasa mai saye. Na ɗauka shi ke nan, za a koma gidan jiya. Da na je ranar Juma'a sai na tarar da abin da har yau nake tunawa. Auta ya jingina da bangon tsakar gida, gwiwa a ɗan lanƙwashe, cinyoyinsa suna rawa, gumi na bin goshinsa. Hajiya tana kan tabarma a gabansa da carbinta, tana jan istigfari ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa idan ta ja 33 a natse, daƙiƙa talatin ɗin ta cika har da 'yan kai. Tana kaiwa ƙarshe ta ɗaga ido ta ce, "Tashi." Ya huta, ta ce, "Koma." Ita da ta ce a fitar da allon, ita ce ta riƙe aikin ranar da allon ya mutu. A lokacin yaron ya riga ya saba. Sa'ar bayan la'asar ta zama ta gwiwa, da wuta ko ba wuta.

Kocinsu ya zo ya same ni a mako na tara. Mutum ne mai son yaran tsakani da Allah, da kuɗin aljihunsa yake saya musu ƙwallo. An shirya gasar unguwanni a dogon hutu, an ce masu neman 'yan wasa za su zo. Ya ce, "Malam, yaron nan shi ne lamba goma na. Wasa biyu kawai, ko rabin lokaci ne." Na gaya masa abin da aka gani a wancan tsarin na Denmak: a mako na 12, kashi 80 cikin 100 na yaran sun ce sun sami sauƙi sosai, amma kashi 16 kaɗai suka koma wasa a lokacin. Sai bayan shekara guda adadin ya kai kashi 69. Jin sauƙi daban, ɗaukar nauyin wasa daban. Na nuna masa tsanin da za mu bi: tafiya da sauri, keke, sassarfa, gudu a miƙe, gudu da juyi, tsalle, shuri, rabin atisaye, cikakken atisaye, sannan wasa. Bai ji daɗi ba, amma ya yi abin da ya fi ƙarfin roƙona. Ya ba Auta usur da agogo, ya ce ranar gasa shi ne mataimakinsa. Ya kuma tara yaran ya hana shan ƙwaya kafin wasa.

A ƙarshen mako na 12, wanda saboda koma-bayan nan ya zama kusan na 14 a kalanda, Auta yana hawa matakala ba zafi, yana tsugunawa har rabi sau goma sha biyar zafin bai wuce 1 ba, yana sassarfa minti goma. Cinyar dama da ta ɗan sirance ta kusa kamo ta hagu. A wata na biyar ya koma rabin atisaye, kwana biyu a mako. Wasansa na farko cikakke sai a wata na bakwai, kuma mun yi yarjejeniya da koci cewa kwana uku a mako ne iyaka, ƙwallon ƙananan raga ta ƙarshen mako kuma ɗaya zai zaɓa, Asabar ko Lahadi.

Ba zan ce wa wani uba ya je kasuwar Adum ko Kejetia neman tsohuwar Wii don ɗansa na ciwon gwiwa ba. An daina ƙera ta tuni, kuma abin da ya gyara gwiwar Auta shi ne sauke nauyi, da ƙarfafa cinya da ƙugu a hankali, da lokaci, don ƙashinsa ma yana ta ƙosawa a watannin nan. Amma ba zan rage wa allon hakkinsa ba. Makonni biyu da takarda bai yi ko sau ɗaya ba. Da allon ya shigo, littafin yayarsa ya nuna kwanakin da ya tsallake ba su cika yatsun hannu biyu ba. Inda akwai irin na'urar a gida tana shan ƙura, ina amfani da ita yanzu, bayan likita ya duba yaron, bayan na zauna na taka kowane wasa da ƙafata na ware na yi da na bari, bayan kuma na san sunan babban da zai riƙe rimot. Idan babu wannan mutum na ukun, ba na kunna ta.

Ƙullutun yana nan, kuma mai yiwuwa da shi zai girma, don sau da yawa tudun ba ya komawa ko bayan zafi ya tafi. Durƙuso a kan daɓe mai tauri har yanzu yana ɗan sukarsa, saboda haka safar soson nan tana cikin aljihun jallabiyarsa, mahaifiyarsa ta ɗinka ta biyu don ta farkon ta lotse. Abin da ke gabanmu yanzu azumi ne. Ga tarawihi a kan farilla kowane dare, ga tahajjud a goman ƙarshe da ya ce bana ba za ta wuce shi ba, ga ƙwallon bayan shan ruwa da yaran unguwa ke bugawa a ƙarƙashin fitilar titi. Na ce wa yayarsa ta nemo littafin nan ta buɗe sabon shafi, na kuma rubuta masa ranar dawowa mako guda kafin a ga wata.